Alamar rai a K2-18b: Me ya sa gardamar ta koma kan farantin kama haske?

A tsakiyar watan Afrilun 2025, ana tsaka da zafin bazara, wani labari ya karaɗe wayoyin mutanen Maradi kamar yadda ya karaɗe sauran duniya: wai masana sun gano alamar rai a wata duniya mai suna K2-18b. Aka yi ta tura shi a WhatsApp da Facebook, haɗe da hoton wata shuɗiyar duniya da teku ya lulluɓe. A fada, wajen shan shayi, aka rabu gida biyu, masu cewa tatsuniyar Turawa ce da masu cewa ai ga hoto nan, me kuma ya rage. Ba a yi makonni ba sai ga wasu masanan sun fito sun ce su ma sun duba waɗannan bayanan, amma ba su ga abin da ake faɗa ba. To wa ke da gaskiya? Kuma yaya za a yi ƙwararru su kalli awo guda, wani ya ce ga iska kaza, wani ya ce babu ita?

Hoton dai zane ne, babu mahalukin da ya taɓa ganin fuskar K2-18b. Abin da madubin hangen nesa na James Webb ya aiko lambobi ne, waɗanda wani ɗan faranti mai faɗin santimita 2 da rabi ya ƙirga. Duk wanda ya san yadda ake ƙera irin wannan faranti, da yadda ake saita shi, da yadda ake gwada shi, zai gane inda gizo ke saƙar.

Abin da aka auna a zahiri

An gano K2-18b a 2015 da madubin Kepler. Tsakaninmu da ita tafiyar haske ce ta shekara 124, kuma tana zagaya wani ƙaramin jan tauraro sau ɗaya cikin kwana 33. Faɗinta ya ninka na duniyarmu sau 2.6, nauyinta kuma kusan sau 8.6. Hanyarta ta dace da inda muke, don haka a kowane zagaye sai ta gifta ta gaban tauraronta, hasken da ke iso mana ya ragu da kamar kashi 3 cikin 1,000 na kusan awa 3, sannan ya dawo yadda yake.

A lokacin giftawar nan, wani ɗan haske yakan ratsa iskar da ke kewaye da duniyar kafin ya taho. Kowace irin iska tana da launukan da take haɗiyewa, sauran ta bar su su wuce. In akwai iskar metan, wasu launuka za su fi ƴan'uwansu raguwa. In kabon-dayoksaid ce, wasu launukan daban. Bambancin da ake farauta ƙanƙane ne ƙwarai, ƴan ɗaruruwa cikin miliyan, wani lokaci ma bai kai haka ba. Ayarin Nikku Madhusudhan na Jami'ar Kambirij a Ingila sun ce a awon da na'urar MIRI da ke cikin madubin Webb ta yi sun ga sawun wata iska mai suna DMS, ko ƴar'uwarta DMDS. A duniyarmu ƙananan halittun teku ne suka fi samar da DMS, shi ya sa aka kira ta alamar rai.

Wuyar aikin ita ce, in farantin da ke ƙirga hasken ya kauce da kashi 1 cikin 10,000, kuma kaucewar ta fi yawa a wasu launuka, to zai iya zana sawun iskar da babu ita, ko ya shafe na wadda take nan.

Hasken bayan-ja da matsefinsa

A 1800 William Herschel ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya jera ma'aunan zafi a kan launukan. Da ya ajiye ɗaya a gefen ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ya ga nan ne zafin ya fi hawa. Wannan shi ne hasken infirared, hasken da ke bayan ja. Ɗan'uwa mai karatu, kana iya ganin kaɗan daga cikinsa yanzu: ɗauki rimot ɗin talabijin, kunna kyamarar waya, musamman ta gaba, ka danna maɓalli kana kallon bakin rimot ɗin ta allon wayar. Za ka ga ɗan ƙwan yana ƙyafta fari mai ratsin shunayya, alhali idonka bai ga komai ba.

Ana auna launin haske da mikiron, wato kashi 1 cikin 1,000 na milimita. Idon mutum yana gani daga 0.4 zuwa 0.7. Silikon ɗin kyamarar waya yana kaiwa 1.1, daga nan ya makance. Su kuwa ruwa da metan da kabon-dayoksaid, manyan sawunsu suna can gaba, daga mikiron 1 zuwa sama da 10. Hasken bayan-ja yana kuma ratsa ƙurar da ke tsakanin taurari, sannan hasken taurarin farko, saboda buɗewar sararin samaniya, ya miƙe ya koma can. Dole ne a bi shi inda yake.

Na'urar da ke raba haske launi-launi ta shimfiɗa shi a jere, ita muke kira matsefin haske. Kyamara tana tara hasken tauraro a ƴan fiksel kaɗan, wato ƙananan ɗigogin da ke jere a fuskar faranti, kowanne yana ƙirga nasa hasken. Matsefi kuwa yana watsa wannan hasken a kan ɗaruruwa ko dubban fiksel, kowanne ya samu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Idan rabon ya yi kaɗan haka, ƙaramin aibin faranti sai ya rinjayi saƙon tauraro. Shi ya sa a duk na'urorin falaki, matsefi ne ya fi tsananta wa masu ƙera faranti.

Gaurin zaiba da sanyin da yake bukata

Mafi yawan farantan bayan-ja an yi su ne da gaurin abubuwa uku: zaiba, kadmiyom da teluriyom. A Ingila aka fara haɗa shi a ƙarshen shekarun 1950, a wata cibiyar bincike ta soja, domin ganin dare. Abin da ya sa ya yi fice shi ne ana iya zaɓar iyakar ganinsa tun wajen haɗi. In an ƙara zaiba, sai ya ga haske mai dogon zango. In an ƙara kadmiyom, iyakar ta dawo kusa. James Webb yana ɗauke da iri biyu, mai tsayawa a mikiron 2.5 da mai kaiwa 5 da ɗoriya. Saitin farko ke nan, kuma da zarar an yi shi ba ya sakuwa.

Shimfiɗar gaurin ba ta wuce ƴan mikiron a kauri ba. A ƙarƙashinta akwai wani falle na silikon mai karanta cajin lantarkin da haske ke haifarwa a kowane fiksel, kuma an manne su da ƴan ƙwayoyin ƙarfen indiyom, ƙwaya ɗaya ga kowane fiksel. Farantin H2RG na kamfanin Teledyne da ke Amurka yana da fiksel 2,048 a tsaye, 2,048 a kwance, sama da miliyan 4 ke nan, a kan abin da bai kai santimita 4 ba. Irinsa 15 ne a cikin Webb, biyu daga ciki na matsefin NIRSpec. Ita MIRI, mai gani daga mikiron 5 zuwa 28, nata guda 3 daban ne, silikon ne da aka ɗiga wa arsenik, aikin kamfanin Raytheon.

Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da hasken bayan-ja. Jikin mutum yana haskawa a kusa da mikiron 10, haka bangon ɗaki, haka ƙarfen na'urar kanta. Ban da wannan, zafin cikin farantin yana sakin elektiron, wato ƙwayoyin lantarkin da ake ƙirgawa, ko babu haske, faranti ya ƙirga su kamar daga tauraro suka zo. Wannan shi ne yoyon duhu, kuma maganinsa sanyi. Farantan gaurin zaiba na Webb suna aiki a kusan digiri 233 ƙasa da sifiri, wanda wata rumfa mai falle 5 da ke tsare musu rana ta samar. Na MIRI sai da aka yi musu firij na musamman mai iskar hiliyom, ya kai su digiri 266 ƙasa da sifiri. Kuma ba sanyin kaɗai ba, tsayuwarsa: in ya motsa da ƴan kaso cikin 1,000 na digiri, lambobin ma sai su motsa.

A fara auna ma'aunin

Mai sayen gyaɗa a kasuwa, in mai gaskiya ne, kafin ya zuba kaya sai ya ɗora kwanon da babu komai a sikeli ya cire nauyinsa, sannan ya ɗora dutsen kilo ya ga ko allura ta tsaya daidai. Gwajin faranti haka yake, sai dai a nan sikeli miliyan 4 ne, kowanne da halinsa, kuma halin yana canzawa da abin da aka ɗora masa ɗazu.

Ana yin aikin a ɗaki mai tsabta, ma'aikaci ya rufe kai da baki, ya ɗaura waya a wuyan hannu zuwa ƙasa, domin ɗan tartsatsin da ke tashi daga riga ya isa ya kashe faranti. Ana sa shi a tukunyar sanyi, a zuƙe iskar ciki, sannan a fara sauke zafi a hankali, kada ya wuce kamar digiri 1 a minti. Dalili shi ne gaurin zaiba da silikon ba sa tsukewa daidai da juna. In aka yi gaggawa, ƙwayoyin indiyom su ɓalle ko shimfiɗar ta tsage.

Gwajin farko shi ne na duhu. Ana rufe fuskar faranti da murfin ƙarfe wanda shi ma an sanyaya shi, a bar shi yana ƙirga babu, awa bayan awa, kwana bayan kwana. Sharaɗin da aka gindaya wa NIRSpec shi ne yoyon kada ya kai elektiron 1 a cikin daƙiƙa 100 ga kowane fiksel. A nan ake gano fiksel masu zazzaɓi, waɗanda yoyonsu ya wuce kima, a rubuta adireshinsu a taswira don a daina yarda da su. A nan ne kuma aka lura cewa fallen silikon mai karatun yana fitar da nasa ɗan hasken duk lokacin da aka karanta, wanda in ba a kula ba sai a ɗora wa yoyo laifinsa.

Sai hayaniyar karatu. Ko babu abin da ya canza, in aka karanta fiksel sau biyu ba a samun lamba ɗaya. Yakan yi rawa da elektiron 10 ko fiye. Dabarar da aka samo ita ce, tunda irin wannan faranti ana iya karanta shi ba tare da an zubar da cajin ba, sai a yi ta karantawa yayin da caji ke taruwa, a ja layi ta cikin lambobin, a ɗauki gangarensa. Da haka NIRSpec ke sauke hayaniyar zuwa wajen elektiron 6 a awon daƙiƙa 1,000. Dabarar tana da wata riba: in ƙwayar sararin samaniya mai gudu ta bugi fiksel, sai a ga lambar ta yi tsalle a tsakiyar layin, a yanke wurin, a ci gaba da sauran. A gefen H2RG kuma an bar layi 4 na fiksel makafi a kowane ɓangare, waɗanda ba sa jin haske sam. Duk motsin da aka gani a cikinsu na lantarki ne, sai a cire shi daga sauran. Wannan ne ke rage ratsi-ratsin nan da ke bayyana a ɗanyen hoto.

Daga nan sai a kunna fitila. Ana haska faranti da haske bai-ɗaya, a ga wane fiksel ne mai kaifin ji, wane ne rago. Ana sauya launi a ga cikin ƙwayoyin haske 100 nawa yake kamawa. Nagari yakan kama 80 ko fiye. Lambar da na'ura ke bugawa ba elektiron ba ce kai tsaye, sai an gano farashin canjin, kuma ana gano shi ne da wata ƙa'ida ta lissafi: haske kansa yana zuwa da rawa, in matsakaicin ƙwayoyi 10,000 ne, rawar 100 ce. Wannan ƙa'idar ce kuma ke faɗa mana cewa wanda ke son auna bambancin kashi 1 cikin 10,000 sai ya tara elektiron miliyan 100 a launin da yake nema, ko da farantinsa ba shi da aibi ko ɗaya.

Aibobi uku ne suka fi ba masu matsefi ciwon kai. Na farko, fiksel ba ya ƙirga daidai in ya kusa cika. Ninkin haske ba ya ba da ninkin lamba, sai an auna lanƙwasar kowane fiksel an gyara. Na biyu, maƙwabta suna jin juna: wajen kashi 1 cikin 100 na saƙon fiksel yana bayyana a na kusa da shi, abin da ke dushe siraran layukan da ake nema. Na uku, wanda a ganina ya fi kowanne haɗari, shi ne ragowar haske. A cikin gaurin akwai ƴan tarkuna masu riƙe caji. In haske mai ƙarfi ya faɗa wa fiksel, tarkunan su cika, daga baya su riƙa sakin abin da suka riƙe a hankali, minti da yawa ko awoyi. Sai tauraron da aka kalla ɗazu ya bar inuwarsa a kan awon na yanzu. A matsefi abin ya fi muni, domin launi ɗaya kullum a fiksel ɗaya yake sauka. Matsefai na ƙasa masu neman duniyoyi ta hanyar rangajin tauraro, irin SPIRou da ke kan dutsen Mauna Kea a Hawai da NIRPS da ke La Silla a Cile, suna kunna fitilun da aka san launukansu don su daidaita ma'auni, kuma fitilun nan kansu suna iya barin ragowa. Su kuwa motsin da suke nema na mita 1 ne a daƙiƙa, saurin tafiyar mutum a ƙasa.

Saiti: a samu nan, a rasa can

Bayan an san halin faranti, sai a zauna zaɓen yadda za a tafiyar da shi. Akwai ɗan ƙarfin lantarki, ƙasa da rabin bolt, da ake ɗora wa kowane fiksel kafin awo. In aka ƙara shi, fiksel zai ɗauki caji mai yawa kafin ya cika, amma masu zazzaɓi su ƙaru. In aka rage, a samu natsuwa, sai dai tauraro mai haske ya cika shi nan take. Karatu da sauri yana tserar da tauraro mai haske, amma da ƙarin hayaniya. NIRSpec yana karanta dukan farantinsa cikin daƙiƙa 10.7, in tauraron ya yi haske da yawa, sai a karanta ɗan yanki kawai cikin ƙasa da daƙiƙa 1. Babu saiti ɗaya da ya dace da mai kallon tauraro na kusa da mai kallon dusasshen gungun taurari na farkon zamani, kuma kowane saiti sai an yi masa nasa gwajin daga farko.

Abin da gwaji ya ceto a 2010

A ƙarshen 2010, masu gwada farantan Webb suka lura cewa fiksel marasa kyau suna ƙaruwa a farantan da ke ajiye, babu wanda ya taɓa su. Hukumar NASA ta kafa kwamitin bincike. Da aka yanka fiksel aka duba da madubin ƙara girma, sai aka ga shingen da aka sa don ya tsare indiyom bai rufe sosai ba. Indiyom yana silalewa ya gauraya da zinariyar da ke ƙasa, ya ɓata mahaɗar. Aka sake tsarin, aka ƙera sababbi, aka ciro tsofaffin daga cikin na'urorin da an riga an haɗa. Ya ci kuɗi, ya ci lokaci. Amma Webb yana nesa da mu da kilomita miliyan 1.5, ba kamar madubin Hubble ba da ƴan sama-jannati suka je gyara sau 5. Da an harba shi da farantan farko, da babu mai zuwa ceto.

A 2017 an sa madubin da na'urorinsa a wani ƙaton ɗakin sanyi a Houston na kusan kwana 100, har guguwar Harvey ta same su a ciki ba su tsaya ba. An harba shi ranar 25 ga Disamban 2021 daga Kuru a Giyanar Faransa, aka ƙara wata 6 ana saiti a sama. Duk da haka sararin samaniya ya zo da nasa: manyan tabo masu zagaye da ƙwayoyi masu gudu ke bari a kan ɗaruruwan fiksel a bugu ɗaya sun yi yawan da sai da aka sake rubuta manhajar gyara.

Ɓangarorin gardamar

Ba yau aka fara ba. A 2008 an ba da sanarwar ganin metan a duniyar HD 189733b da na'urar NICMOS ta Hubble. A 2011 wasu masana suka sake lissafin, suka nuna cewa in an sauya yadda ake gyara aibin na'urar, sakamakon ma yana sauyawa. Ita kanta K2-18b, a 2019 an ce Hubble ya ga tururin ruwa a iskarta. Da Webb ya duba a 2023 da faɗin launuka mafi yawa, sai ya ga metan da kabon-dayoksaid, kuma sawun metan da na ruwa suna hawa kan juna a mikiron 1.4. A gefe guda akwai awon da babu mai jayayya da shi: kabon-dayoksaid da NIRSpec ya gani a WASP-39b a 2022, wanda tudunsa a mikiron 4.3 ya fito fili, ayari daban-daban suka lissafa suka samu abu guda.

Masu DMS sun ce ƙarfin shaidarsu sigma 3 ne, wato damar a ce sa'a ce kawai ta kai kamar 3 cikin 1,000. Su da kansu sun ce ba a kai sigma 5 ba, matakin da aka saba kira ganowa, inda damar ba ta kai 1 cikin miliyan ba. Hujjarsu ita ce sun ga ɗan alamar a 2023 da wasu na'urori, yanzu kuma ga ta a MIRI, a launuka daban.

Masu suka, daga jami'o'i irin su Okusfod da Cikago, sun kawo abubuwa da dama. Wani ya nuna cewa miƙaƙƙen layi, ma'ana babu sawun komai, ya dace da lambobin kusan daidai da DMS. Wasu sun haɗa awon na'urori ukun wuri ɗaya suka ce shaidar ba ta isa ba, kuma akwai wasu iskoki da yawa masu sawu mai kama da wannan. An kuma samu DMS a tauraro mai wutsiya 67P, inda babu mai cewa akwai rai. Amma wanda ya fi shafar zancenmu shi ne halin MIRI. Idan aka juya ta ga tauraro, farantinta ba ya natsuwa nan da nan. Lambobin suna gangarowa ko hawa na wani lokaci kafin su daidaita, kuma ba daidai ba a kowane launi. Dole mai lissafi ya yanke shawarar minti nawa na farko zai zubar, wane lanƙwasa zai ɗora wa ragowar, fiksel nawa zai haɗa a launi ɗaya. Kowane zaɓi yana iya motsa sakamakon da gwargwadon abin da ake nema. Lissafin sigma kuwa ya ɗauka ne cewa kuskuren na sa'a ne. Ba ya ganin kuskuren da na'ura ke yi ta fuska ɗaya.

A nawa ganin, masu sukan sun fi ƙarfin hujja a yanzu, kuma giftawa ɗaya da MIRI ta kalla ba ta isa a ɗora mata magana mai nauyin rai ba. Wannan ba ya nufin ayarin Kambirij sun yi ƙarya. Sun buga lambobinsu a fili, shi ya sa ma aka iya ƙalubalantarsu. Laifin da nake gani na kanun labarai ne da suka mayar da "wataƙila" ta koma "an gano".

Ina ruwan mutumin Maradi?

Mai cewa dalar Amurka biliyan 10 da aka kashe a Webb ta fi amfani a rijiya da asibiti, ba a raina maganarsa. Sai dai gaurin zaiban nan ya daɗe yana yi mana aiki ba mu sani ba. Taurarin ɗan'adam na Meteosat suna kallon Afirka dare da rana da irin waɗannan ƙwayoyin kama haske, a sanyin kusan digiri 180 ƙasa da sifiri. A mikiron 10.8 suna auna sanyin saman gajimare. Hadarin da ya yi tsawo har samansa ya wuce digiri 40 ƙasa da sifiri, galibi shi ne mai ruwa, kuma daga daɗewarsa a kan yanki ake ƙiyasta ruwan da ya sauka inda babu ma'aunin ruwa. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974, da ACMAD, cibiyar nazarin yanayi ta Afirka, suna amfani da irin wannan awo wajen bibiyar damina da gargaɗin fari. In saitin na'urar ya kauce da digiri 2 ko 3, ƙiyasin ruwan Dakoro ko Mayayi ma zai kauce, shi ya sa a cikin tauraron akwai wani baƙin ƙarfe da aka san zafinsa, wanda na'urar ke leƙawa lokaci-lokaci don ta gyara kanta. Ƙananan matsefan bayan-ja kuma suna aiki wajen auna takin ƙasar gona, da danshin hatsi, da tantance jabun magani ba tare da an fasa ƙwaya ba.

Akwai abin da ba na so a ɓoye. Manyan farantan falaki kamfanoni ƙalilan ne ke yin su, kuma saboda asalinsu na soja, fitar da su daga Amurka sai da izinin gwamnati. Turai ma tana sayen na Teledyne. Madubinta Euclid da aka harba a 2023 yana ɗauke da 16, duk da ƙoƙarin da ake yi da kamfanin Lynred na Faransa don samun na gida. Kafa irin wannan matsefi a Maradi kuwa ba zai yiwu ba: zafi, ƙurar hunturu da tururin damina duk suna ɓata awon hasken bayan-ja. Shi ya sa ake hawa busassun duwatsu irin Paranal a Cile, mai tsawon mita 2,600, ko Mauna Kea mai 4,200. A nahiyarmu, babban madubin SALT yana Sutherland a Afirka ta Kudu.

Amma aikin da gardamar K2-18b ta rataya a kansa ba a kan dutse ake yin sa ba, a kan kwamfuta ne. Ɗanyen awon Webb yana shiga rumbun MAST a intanet, kuma galibi bayan shekara 1 kowa na iya saukewa kyauta. Manhajar gyaran ma kyauta ce, da harshen Python aka rubuta ta. Ɗalibin kimiyyar lissafi ko fizik a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo zai iya ɗauko giftawar nan ta MIRI, ya zubar da minti 20 na farko ya lissafa, ya sake zubar da 60 ya lissafa, ya gani da idonsa ko sawun ya tsaya ko ya gushe. Cikas ɗin da zai fuskanta shi ne girman fayilolin, domin giftawa ɗaya tana cin gigabait da yawa, ga tsadar intanet, ga ɗaukewar wuta a tsakiyar saukewa. Abin da ya fi sauƙi shi ne malami ɗaya ya sauke su sau ɗaya a kwamfutar sashe, ɗalibai su riƙa kwafa da filash, a raba su ayari uku ko huɗu, kowane ayari ya yi nasa zaɓin gyaran ba tare da ya leƙa na wani ba, sannan a haɗu a kwatanta.